Fiyano a Bakin Shinge

"Ba ni makullin nan, Yaya!"

Muhsina ce tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar hatsi, hijabinta a karkace, ƙafarta ɗaya babu takalmi. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ɗaga wa yayanta murya ba sai yau.

Malami, yayan nata, ya sauke kofin kunun da ke hannunsa, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Da ni kike?"

"Da kai nike... 'Yan sa-kai sun kama Zaharaddeen hanyar Galadi. Sun ce infoman ɓarayin daji na!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Zaharaddeen? Mai yawon raba ma yara magani?"

"Audu ɗan kabu-kabun da yaɗ ɗauko shi ya kira ni daga Shinkafi, shina kuka. Ya ce sun tsaya shinge ana bincike, sai wayar Deeni tay yi ƙara..." Ta dafe ƙyauren ɗakin. "Kiɗana na, Yaya. Kiɗan Baba. Kuma ni nak kira shi!"

Malami ya runtse ido.

Ya san kiɗan. Duk Kaura yanzu an san shi, sai dai ba da sunan mai shi ba.

A kwalejin fasaha Muhsina ta koyi fiyano, wurin abokiyar ɗakinta, wata 'yar kudancin Kaduna mai kaɗawa a coci. Da yarinyar ta gama karatu sai ta bar mata ƙaramin fiyanonta mai aiki da batir. Muhsina ba ta waƙa, ba ta rawa, ba ta zuwa gidan biki. In wani abu ya tsaya mata a ƙirji ne take zama ta yi ta laluben sa da yatsu, har ya fito ɗan gajeren kiɗa wanda bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Tana da na ranar saukar ruwan fari. Tana da na shirun tashar jirgi da tsakar rana. Amma wanda ya fi su duka shi ne wanda ta yi bayan 'yan bindiga sun tare motar kasuwa a hanyar Zurmi, aka kawo musu mahaifinsu, Malam Mainasara, a naɗe cikin tabarma.

Shi ta tura wa Zaharaddeen, saurayinta, ma'aikacin lafiya. Shi kuma ya sa shi ya zama ƙarar kiran lambarta ita kaɗai.

"Don in san ke ce tun ban taɓa aljihu ba, hasken idona," in ji shi.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa Inna Kulu ta kafa sharaɗi. Su gidansu ba su haɗa jini da makaɗa, ko na ganga ko na lantarki. Malami ma, da yake malamin Islamiyya ne, abin ya daɗe yana ci masa rai. Muhsina ta rantse a gaban tsohuwar cewa ta bari, Malami ya naɗe fiyanon a bargo ya kulle shi tare da buhunan gero.

To amma kafin nan ta yi kuskure guda. Ta taɓa zuwa situdiyon Faruku don a ɗauki kiɗan Baba da kyau, ba tare da kukan awakin gida ba. Faruku ya ji kiɗan, ya ga mai kiɗan, ya ce yana son duka biyun. Ta ce masa a'a. Ya yi murmushi, ya riƙe abin da ya ɗauka a na'urarsa.

A daminar nan sai ga kiɗan ya fito a rumfunan masu cajin waya. An ƙara masa sauri, an ɗora masa kalangu, wani mai muryar hanci yana zuba kirari a kansa ga Baƙin Gulbi, jagoran ɓarayin da suka hana ƙauyukan Shinkafi noma.

Kiɗan da ta yi wa ubanta, ana yabon irin waɗanda suka kashe shi!

Ranar da ta fara ji a kasuwar hatsi, da kuka ta iso gida. Malami ya ce ta yi shiru.

"In kinka ce naki na, kin tona ma kanki asiri. Ki bari, waƙar banza ta, kwana kaɗan a manta."

Shiru! Shi ne maganin da muke sha wa kowace cuta a ƙasar nan. A sace mana hanya mu yi shiru, a sace mana gona mu yi shiru, sannan mu zauna a inuwa muna cewa Allah ya kyauta. Muhsina ta sha maganin ita ma, har sai da safiyar yau ta ji maƙwabciya tana cewa 'yan sa-kai sun fara duba wayoyin matafiya, duk wanda aka samu da waƙar Baƙin Gulbi ya shiga uku. Zaharaddeen yana can ƙauyuka inda babu sabis, bai san an yi ba. Ta yi ta kiransa don ta ce ya goge, kiran bai shiga ba sai a kan tudun da aka kafa shingen.

"Mu kai ƙara," in ji Malami. "Akwai hukuma."

"Audu ya ce la'asar kawai su ka jira. Kafin a gama rubuta sunanmu an yi mai sallah!"

"To mi fiyano za ya yi?"

"In kaɗa gabansu, su san nawa na."

"Gaban maza? Bainar jama'a, kowa da waya hannu?" Ya miƙe tsaye. "Muhsina, in kinka yi haka auren ga ya mutu. Kin san Inna Kulu. Kin rantse mata!"

"Gawa zan aura, Yaya?"

Ta matso gabansa.

"Kai kac ce in yi shiru, na yi. Ga inda shiru yak kai mu. Wallahi ko ka ba ni makulli, ko in ɗauko taɓarya in fasa ƙofar ga!"

Malami ya dubi ƙanwarsa. Sannan ya sa hannu a aljihun jamfarsa.

"Rantsuwa tana da kaffara," ya faɗa a hankali. "Nemo takalminki. Ba ki zuwa ke ɗai."

Sai da suka biya ta situdiyon Faruku. Yana zaune bakin ƙofa yana latsa waya, sarƙa a wuya, turare kamar ya yi wanka da shi. Da ya ga doguwar ƙunshiyar bargo a kafaɗar Malami sai ya yi dariya.

"A'a! Malam ya shiga sana'armu?"

"Faruku, tashi mu tai," in ji Muhsina. "Ka gaya musu kai kas saci kiɗana."

"Wane kiɗa?"

"Za su kashe mutum!"

"Wane mutum? Au, likitan ƙauye?" Ya gyara zama. "Ke kinka zaɓi mai yawo da akwatin allura. Da ni kinka zaɓa, da yanzu kiɗanki na Kano ana fim da shi."

"Don na ƙi ka shi ya sa kab ba ɓarayi kiɗan ubana?"

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ki rufa min asiri. In na buɗe baki, na daji su neme ni, na gari su neme ni. Ban san ki ba, ban san kiɗanki ba."

Ta yunƙura za ta shaƙo shi, Malami ya riƙe mata hannu.

"Bar shi. Rana na tafiya."

Motar Shinkafi ƙaramar Golf ce da aka cusa wa mutane har bayan but. Gero ya yi tsawo gefe da gefen hanya, ya fi mutum, kowa idonsa na cikinsa. In ganye ya motsa sai ka ji wata tsohuwa ta ja salati. Direba bai taɓa birki ba ko a rami. Muhsina ta rungume fiyanon a cinyarta, tana jin gefensa yana sukar haƙarƙarinta, tana maimaita abu guda a zuci.

Ya Allah, kada su riga ni...

A tashar Shinkafi Audu yana jira, idonsa jawur. Ya samo wani ɗan'uwansa mai babur, suka kama hanyar daji, laka tana fantsama har gwiwa.

Shingen ba wani abu ba ne, kututturen itace ne da tsohon durom a kan tudu, kusa da bakin wani ƙauye da aka ƙone rabin rumbunansa. Maza ne da yawa, riguna ɗinke da layu, bindigogin maƙera a hannu. Suna hango dogon abu naɗe a bargo suka watse suka ɗana.

"Tsaya nan! Aje shi ƙasa!"

"Ba bindiga ba ta!" Malami ya ɗaga hannu sama. "Don girman Allah, ba bindiga ba ta!"

"Kwance shi da ƙafa!"

Malami ya sa ƙafa ya ture bargon. Haƙoran fiyanon farare da baƙaƙe suka bayyana a cikin laka.

Muhsina ba ta ma kalle su ba. Ta riga ta hango Zaharaddeen.

Yana gindin wata aduwa, an ɗaure hannayensa ta baya da igiyar shanu. Farar rigar aikinsa ta zama ja da ƙasa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Akwatin maganinsa yana gefe a fashe, kwalabe a warwatse.

"Deeni!"

Ya ɗago kai da ƙyar.

"Muhsina? La ilaha... Wa yak kawo ki? Koma! Yaya Malami, mai da ta gida!"

"Ba inda za ni, masoyina."

Wani dattijo ya fito daga cikin mutanen, gemunsa da furfura, idanunsa irin na wanda ya manta rabonsa da barci. Shi ne Armiya'u, shugabansu.

"Ke wace ce?"

"Muhsina, ɗiyar Malam Mainasara na Kaura, wanda anka kashe hanyar Zurmi. Wanga da kunka ɗaure shi zan aura. Kiɗan da kunka ji wayarshi ba na Baƙin Gulbi ba na, Baba. Nawa na. Ni nay yi shi ma ubana, anka sace."

Wani saurayi mai jar hula, Lukman, ya tofar da yawu.

"Ji ƙarya! Mace ta yi kiɗa?"

"Ina wayar?" in ji ta. "Ku kawo ta. Yayana ya kira, ni ma in kira."

Armiya'u ya yi nuni, aka kawo. Malami ya kira, wayar ta yi ƙarar da kowace waya ke yi. Muhsina ta kira.

Kiɗan ya tashi a hankali, ba kalangu, ba murya, kamar mutum yana tafiya shi kaɗai a bayan makara.

Nan take wurin ya hargitse. Wani ya ɗaga adda. Wata mata daga bakin ƙauyen ta kurma ihu ta toshe kunne. Muhsina ta fahimci abin da ba ta sani ba: da waƙar nan a wayoyinsu ɓarayin suka shigo musu, suna ƙona rumbu suna rawa.

"Kun gani?" Lukman ya daka tsawa. "Ashe su biyu na! Ita ka turo mai alama daga birni! A ɗaure ta!"

"Kada wanda yat taɓa ta!" Zaharaddeen ya yunƙura, igiya ta mai da shi. "Ni ku kashe! Ita ba ta san komi ba!"

Muhsina ta durƙusa a cikin lakar. Ta jawo fiyanon kan cinyarta, ta share haƙoransa da gefen hijabi, ta kunna. Ta kuskure farkon. Ta sake. Ta kaɗa kiɗan Baba daga farko har ƙarshe, bakin bindiga yana kallon goshinta.

Da ta gama, Armiya'u bai motsa ba.

"Wannan ba shaida ba ta," in ji Lukman. "Kowa yaj ji shi ya iya shi. Ni ma ina busa shi da baki."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kana busa shi? To ku ɗaure wanga ma, infoma na!"

Wani daga baya ya fashe da dariya, ya yi sauri ya haɗiye. Lukman ya yo kanta, Armiya'u ya tare shi da hannu ɗaya.

"Yarinya, bakinki ya fi ki girma. Yaron ga ya yi gaskiya. Koyo daban, yi daban. Mun binne mutane cikin makon ga, kuma wani na ya gaya musu ranar da maza ka tafiya kasuwa. Da mi zan san ke kinka yi shi?"

Ladan ya fara kiran la'asar a cikin ƙauyen.

Lokacin da suka ɗiba ya cika. Abu ɗaya ya rage wa Muhsina, shi ne yadda take aikinta.

"Baba, ni ba ni yin kiɗa sai da mutum. Sai na tuna wani, ko a ba ni labarinshi. Gaya min wanda anka kashe maka. In yi maka nashi yanzu, nan, wanda kunne bai taɓa ji ba. In na kasa, ku haɗa ni da shi."

"Muhsina!" Malami ya dafe kai.

Fuskar dattijon ta sauya.

"Da matattuna za ki yi wasa?"

"Ni ma ina da nawa. Ban taɓa wasa da shi ba."

Armiya'u ya dubi ƙasa, sannan ya yi magana kamar ana zaro ta da ƙugiya.

"Kulsumu."

"Ɗiyarka?"

"Uwar ɗiyana."

"Yaya take tafiya?"

Ya ɗago a fusace. "Mi?"

"Tafiyarta, Baba. Sauri gare ta ko nawa?"

"...Shan inna ya taɓa mata ƙafa tun tana ƙarama. Ta hagu. Tana ja."

"Tana da faɗa?"

"Faɗa?" Wani abu mai kama da murmushi ya gifta a gemunsa. "Ba ta bari in gama magana."

"Dariyarta fa?"

"Ba ta buɗe baki. Cikin hanci take yi, ta rufe da gyale."

"Ranar... ina za ta?"

"Rijiya."

Muhsina ta rufe ido.

Ta fara da hannun hagu, can ƙasa inda sauti ke da kauri. Taki ɗaya mai nauyi, ɗaya gajere mai ja. Mai nauyi, mai ja. Ta bar shi ya yi ta tafiya har ya zauna. Sannan hannun dama ya shigo a sama, da sauri, yana katse na hagu tun bai kai ƙarshe ba, ya sake katse shi, ya sake. Can sai wasu 'yan ƙananan sautuka suka taho a jere suka ɓuya, kamar an danne su da mayafi.

"Wayyo Allah!" Matar nan ta bakin ƙauye ce ta faɗa, hannu a ka. "Tafiyarta ta... Wallahi tafiyar Kulsumu ta!"

Muhsina ba ta ji ta ba. Tana bin matar da ba ta taɓa gani ba, tulu a kai, ƙafa tana jan ƙasa, hanyar rijiya tana ƙara kusa. Taki mai nauyi, mai ja. Mai nauyi...

Ta ɗauke hannu.

Sautin ya tsaya a rataye, bai sauka ba.

"Ina sauran?" Armiya'u ya matso. "Ƙarasa mana!"

"Babu saura, Baba. Ta tai rijiya, ba ta dawo ba."

Dattijon ya juya wa mutanensa baya. Kafaɗunsa suna motsi. Babu wanda ya yi ƙarfin halin kallonsa, har Lukman ya sauke bindiga yana haƙar ƙasa da yatsan ƙafa.

Armiya'u da kansa ya je gindin aduwar, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

"Ka yafe muna, ɗana."

Zaharaddeen ya zube gaba, Malami da Audu suka tare shi. Muhsina ta rarrafa ta isa gabansa, ta rasa inda za ta taɓa, ko'ina ciwo ne.

"Ni na ja maka, Deeni... ni nak kira..."

"Shi ya sa ban ji tsoro ba," ya faɗa, leɓensa a fashe yana ƙoƙarin murmushi. "Na ce ko mutuwa ta, da kiran hasken idona ta zo."

"Yi shiru, ka ji? Kada ka sa ni kuka gabansu."

Ai kuwa ta riga ta fara.

Da aka ɗora shi a babur, ta juyo ta fuskanci Armiya'u. Malami ya yi mata alama da ido ta bari, ta ƙi.

"Baba, kafin shi, wa kunka kama kan kiɗan ga?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wannan kuwa ya ishe ta amsa.

"An zalunce ku, na sani. Amma wanda duk kunka taɓa kan ƙarar waya, shi ma akwai mai jiran shi gida."

"Ku tai, ɗiyata," in ji Armiya'u, bai dube ta ba. "Ku tai tun da sauran rana."

Kafin su iso Kaura, bidiyon ya riga su. Wani daga cikin 'yan sa-kan ne ya ɗauka. Washegari babu rumfar mai shayi, babu gidan suna da ba a kalli ɗiyar Malam Mainasara durƙushe cikin maza tana kiɗa ba. Waɗanda ba su ce uffan ba lokacin da ake yabon ɓarawo a kasuwa, yanzu duk sun sami baki. Wai ta zubar da mutuncin gidan malamai. Wai daga coci ta koyo. Faruku kuwa aka wayi gari situdiyonsa da kwaɗo, an ce an gan shi a motar Gusau.

Daga gidan Inna Kulu ba a ji komai ba.

Zaharaddeen yana kwance da karaya a hannu, ta waya suke magana.

"Ko Inna ta ƙi, ni ban fasa ba, rabin raina."

"Ni kuwa ba ni shiga gidan da uwa ba ta sa albarka ba."

"To ki sake mata alkawari. Ki ce kin bari, daga baya mu..."

"A'a, Deeni. Na gama ɓoyo. Ɓoyon nan ya kusa kashe ka."



"In na rasa ki fa?"

"Kana da rai. Shi na tai nema."

Ta kashe wayar ta kifa fuska a filo.

Malami ya sa aka fito da akwatunan sa rana aka jera a tsakar gida, don in an aiko karɓa kada a tsaya nema. Suna nan jere Inna Kulu ta yi sallama da hantsi, ita kaɗai, da sandarta. Ta dubi akwatunan, ta zauna a kan ɗaya.

Muhsina ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

"Kin karya rantsuwa."

"Na karya, Inna."

"Kin yi kaffara?"

"Na yi."

"To. Za ki sake min wata?"

Muhsina ta ji hawaye na taruwa, amma ta ɗago kai.

"A'a, Inna. Ki gafarce ni. Ba ni zuwa biki, ba ni yi ma kowa roƙo. Amma ba ni sake cewa na bari."

Tsohuwar ta kafa mata ido.

"Da kin ce i, da yau na kwashe kayan ga. Na ƙi jinin maƙaryaci fiye da makaɗi." Ta buga sandarta a ƙasa. "Dangina na Zurmi sun aiko, wai in anka yi auren ga ba su zuwa. Na ce su zauna! Ranar da anka ɗaure min ɗa kamar akuya, wane cikinsu yah hau babur? Addu'a sunka aiko min ta waya!"

"Inna..."

"Ban gama ba. Kiɗa dai ba ni son shi, har gobe. Malami!"

"Na'am, Inna."

"Mai da kayan ga ɗaki kafin kaji su ɓata su. Kuma a matso da rana. Na gaji da jinyar ƙato, kullum sunanta shi ka kira, ni da nike dama mai kunu ko sannu."

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Rabin dangin ango ba su zo ba, wasu maƙwabta ma sun rufe ƙofa, aka ci shinkafar ba su.

Amarya tana cikin makonta na fari, da rana tsaka, sai ga Inna Kulu ta jawo kujerar tsugunne ta dasa a ƙofar ɗakinsu, da faifan zogale a cinya.

"Ke, amarya."

"Na'am, Inna."

"Abin nan naki... in za ki taɓa shi, ki taɓa yanzu da nike nan. In wani ya shigo in ce rediyo na."

Muhsina ta dubi Zaharaddeen. Ya cusa fuska a hannunsa mai lafiya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Wane kike so in kaɗa, Inna?"

"Ni? Wa yac ce miki saurare zan yi? Zogale ni ka tsinka." Ta ja kujerar ta ƙara matsowa ciki. "Ki dai ɗaga shi kaɗan, kunnena na hagu ba ya ji sosai."